Lanƙwasasshen Yatsan Ubana

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga ta inda ya so, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba ɗan Adam yatsu goma ya bar shi da aikin koyon yadda zai yi da su. Ni ne Korau ɗan Arzika, mutumin Gangarma, mai harbin gada kamar yadda ubana ya kasance. Na yi tafiyar kwana tamanin da bakwai, na ci tuwon ƙatti, na tsaya gaban alƙalai biyar, duk a kan neman abin da ke manne a hannuna tun ranar da aka haife ni. Ku gyara zama in ba ku labarin, ban da dariya sai na kai ƙarshe.

Garinmu yana bakin wani kwazazzabo da muke kira Hamma, domin tsofaffi sun ce ƙasa ce ta yi hamma ta manta ba ta rufe baki ba. Gidajenmu da rijiyoyinmu suna wannan gefe. A can gefen kuwa bangon dutse ne miƙe sak har cikin gajimare, da ƙofa ɗaya tak a jikinsa, bayan ƙofar kuma gonakinmu ne da rumbunanmu. Gadar igiya ce ke haɗa mu da abincinmu. Duk bayan 'yan shekaru guguwa kan tsinke ta, to a nan ne ake tunawa da gidanmu. Mai harbin gada zai ɗaura zaren tsamiya a gindin kibiya, ya harba ta ta shiga ƙofar nan, waɗanda ke can su kama zaren su jawo igiya da shi, igiyar ta jawo wadda ta fi ta, har gada ta tsaya. Daga inda ake harbin, ƙofar ba ta fi bakin tulu girma a ido ba. In kibiya ta kuskure, zare ya tafi ke nan, don a cikin Hamma akwai wasu tsuntsaye da muke kira 'yan wanzam, kafin zare ya gama sauka sun yi masa gunduwa-gunduwa. Curi ɗaya kuwa sai matan gari sun shekara suna kaɗi.

Sau biyar ubana ya harbi gada, bai taɓa ɓata zare ba. Yatsansa na tsakiya a hannun dama a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, mutane suka haƙiƙance a nan asirin yake. Maroƙa suka sa yatsan a kirari, samari suka riƙa lanƙwasa nasu ko gaisuwa za su yi. Ni da nake ɗansa na fi kowa. Tun ban kai tsawon baka ba nake ɗaure nawa da tsumma don ya saba, in na kama tsarkiya kuma sai in cusa ta can cikin gaɓa ta biyu ta yatsan, in ƙanƙame, yadda na ga yana yi. Ban taɓa tambayarsa ba, a garinmu ɗa ba ya tambayar ubansa abin da ya shafi jikinsa. Harbina kuwa ba shi da alƙibla. Yau in tsaga kara daga nesa, gobe in soki zanan maƙwabci. Na zargi iska, na zargi baka, na taɓa yin gaba da wani mutum wata guda don ya yi tari lokacin da nake saki.

A kakar da nake ba ku labari, guguwa ta tsinke gada mutum arba'in da uku suna can suna girbi, cikinsu har da matata Tarana da cikin wata shida. Su suna da hatsi, amma ruwansu ɗan tafki ne da ke ƙafewa da rani. Mu muna da ruwa, amma hatsin da ke gari ba zai wuce wata uku ba ko da ci ɗaya ake yi a yini. Ubana ya tsufa, hannunsa na rawa, ko ludayi ba ya kai shi baki sai rabin kunun ya zube. Curi uku ke akwai. Na farko na aika da shi hagu, na biyu na aika da shi dama, 'yan wanzam suka sha shagali. Magajin gari ya ɗauke na ukun ya jefa a aljihun rigarsa. Na roƙi kwana casa'in in je in nemo ilimin harbi a duniya, aka ba ni don babu wata dabarar. Da na durƙusa yi wa ubana sallama bai dube ni ba, hannunsa yake kallo. Na ɗauka kunyata yake ji, na fita zuciyata kamar ta fashe.

Na yi kwana goma sha tara ina bin gabas har na shiga ƙasar Gabzawa, ƙattin da tsawon ƙaraminsu ya kai rimi. An ce mini ba su taɓa kuskure ba, kuma gaskiya ne. Bakansu giginya ce sukutum, kibiyarsu azara, suna damƙar tsarkiya da hannu gaba ɗaya, abin da suke bara kuwa tsauni ne. Wa zai kuskure tsauni? Sarkinsu ya ɗora ni a tafin hannunsa, ya ji buƙatata, ya ce ciwona rashin ƙarfi ne, maganinsa kuma ci. Aka ajiye ni a cikin wata ƙwarya, ana zubo mini tuwo safe da yamma. Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin farko ban yi gardama ba, don ni mutum ne mai girmama abinci. Sai da na ji matar sarki tana tambaya ko na yi ƙibar da za a sa ni a miya, sannan na tuna ina da mata.

Da hantsi, suna wasan harbi, na ɗaga murya na ce kibansu kam manya ne, amma ina shakkar akwai wadda za ta iya ɗaukar mutum ta ƙetare tsaunin gabas da shi. Ƙato ba ya jure a yi shakkar ƙarfinsa. Sarkin da kansa ya ɗaure ni a jikin azara da rawanina, ya ɗame, ya saki. Na ga garuruwa suna wucewa ƙarƙashina kamar an watsa gero, na karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa. Kasuwar kuwa na faɗa, a kan tulin audugar wani bawan Allah, a tsakiyar Birnin Zobba.

Mutanen Birnin Zobba masana harbi ne, amma da baki. Kowane yatsa yana da malamansa da zobensa da littattafansa, kuma sun shekara ɗari suna musu a kan wanne ne shugaban saki. Dokarsu ita ce, baƙon da ya zo da baka sai ya yi harbi uku gaban alƙalai biyar, in ya kuskure a binciko yatsan da ya yi laifi a yanke shi. Da na duba hannuwan 'yan kallo na ga dokar tana aiki sosai. Na harba uku, ɗaya ta shiga, biyu suka tafi yawonsu. Aka kawo wuƙa da faranti.

Na ce na yarda da hukunci, sai dai ina roƙon kada a zalunci marar laifi, a gaya mini wanne ne shugaban, don shugaba shi ke ɗaukar laifin mabiyansa. Alƙalin manuni ya miƙe ya ce nasa ne shugaba, amma ba shi da laifi. Alƙalin babban yatsa ya ce ƙarya ne. Kafin azahar rawuna sun faɗi, ana jifa da littattafai, mai riƙe da wuƙa ya ajiye ta ya shiga faɗan. Na ɗauki bakana na nufi ƙofar gari, ba wanda ya tare ni.

A bakin ƙofar gari na tarar da wata mai talla da 'ya'yan itace jajaye, irin da ban taɓa gani ba. Yunwa ce ta tsayar da ni, amma abin da ya riƙe ni daban ne. Kowane ɗa an yanke hancin da ke haɗa shi da reshe a wuri ɗaya, tsawon gaɓar yatsa, yankan kuma na bakin kibiya ne, na san shi. Mai tallar ta ce itatuwan suna tsibirin Tafkin Madara, tsawonsu ya fi ƙarfin mai hawa, wata tsohuwa ce, Inna Yalwa, ke harbo su ɗaya bayan ɗaya, kuma in kibiya ta taɓa jikin ɗan ya lalace. Ranar kwanana arba'in ke nan da barin gida.

Na sami Inna Yalwa a gindin itatuwanta, 'yar ƙanƙanuwa, ba haƙori ko ɗaya, da wani baka da ko ɗan koyo a garinmu zai raina. Na gaishe ta, na jero mata sunana da na ubana da kirarin gidanmu. Ta bari na gama, ta ce duk ta ji, in miƙo hannu. Ta juya shi, ta shafa kantar da ke yatsuna, ta daɗe a kan na tsakiya.

"Ɗan nan, wa ya karya maka wannan?"

"Ba wanda ya karya shi, Inna. Lafiyarsa lau."

"To karyayyen yatsan wa kake ɗauke da shi?"

Raina ya ɓaci. Na ce mata wannan riƙon Arzika ne, wanda ya harbi gada sau biyar, ba a kiransa karyayye. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin ubana ya miƙe yatsan, ko wajen alwala, ko wajen cin tuwo. Na buɗe baki in ce ƙwarai, sai na rasa ranar da zan ambata. Ta ce to shi ƙashi ne ke riƙe masa da yatsan, jiya da yau da gobe a wuri ɗaya yake, tsarkiya ta san hanyar da za ta bi ta fita. Ni kuwa da ƙarfina nake lanƙwasa nawa, ƙarfi kuma yana da ranar ƙoshi da ranar tsoro. Ran da yatsan ya saki da wuri kibiya ta yi nan, ran da ya makara ya fizgi tsarkiya ta yi can. Na so in yi musu, don ni ban iya karɓar gaskiya a tashin farko ba, amma a cikin cikina na san ta gama da ni.

Kwana goma ba ta bar ni na taɓa baka ba. Guga ta ba ni, in cika shi da ruwa, in rataya igiyarsa a gaɓar farko ta yatsu uku, manuni da na tsakiya da mai bi masa, babban yatsa da ƙaramin su kwanta ba ruwansu. Bayan hannu ya miƙe, ya saki jiki. In na tsaya haka sai ta ce in bar gugan ya faɗi, amma kada in buɗe yatsun, in daina riƙewa kawai, nauyin ya ture su ya wuce. Na ɗauka wasa ne. Sau ɗari ina jefar da guga, tana cewa jifa na yi. Na shayar da itatuwan nan har na fara zargin aikin ban ruwa kawai take so a yi mata, kuma har yau ban janye zargin duka ba.

Da ta ba ni baka, sai ta shafe tsarkiyar da baƙin tukunya. Manuni a saman gindin kibiya, biyu a ƙasa, a bar 'yar tazara kada a matse kibiyar, ta ce kibiya ba ɓarauniya ba ce da za a shaƙe ta. In ja har manuni ya taɓa gefen bakina, nan kullum, ba sama ba ƙasa. Bayan kowane harbi in buɗe hannu ta duba. Layin baƙin ya kamata ya ratsa yatsu ukun a kan gaɓar farko. Nawa kullum sai ya karkace a tsakiya, don da zarar na ɗame, yatsan nan sai ya koma gidansa na da ba da sanina ba. Ta kan ɗan buge shi da kara ta ce, "Gaida baba, sannan ka miƙe." Na yi kuka rana ɗaya, ba don karan ba. Gani nake duk lokacin da na miƙe yatsan kamar ina fita daga gidan ubana ne.

A rana ta ashirin da shida da zuwana wurinta layin ya fito sak, ya sake fitowa sak, har sau arba'in. Washegari na harbo 'ya'yan itace goma sha biyu ba tabo. Inna Yalwa ta tsince su ta ce sun yi, ta ƙara da cewa ita a shekaruna da ido rufe take yi, don kada kaina ya kumbura. Ta cika mini jaka da su, ta nuna mini kogin da ke fita daga tafkin ya bi yamma, ta ba ni aron kwalekwalenta ta ce in sake shi zai komo da kansa. Haka kuwa aka yi.

Na shiga Gangarma ranar kwana na tamanin da bakwai. Yara sun daina wasa a dandali, karnuka ma ba su yi haushi ba. Aka ce mini kwana uku ke nan mutanen can suna rataya tulu a kife a bakin ƙofa, alamar tafki ya kusa ƙarewa. Ba wanda ya san halin da Tarana ke ciki.

Da safe gari ya taru a bakin Hamma. Aka kawo ubana aka zaunar a kan buzu. Magajin gari ya fito da curin ƙarshe, har ya miƙo, sai idonsa ya faɗa kan hannuna a tsarkiya. Ya janye. Ya ce ina riƙon Arzika? Na ce na bar shi. Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce da riƙon ma na ɓata biyu, ina ga babu shi. Wata tsohuwa da ta kaɗa zaren da hannunta ta ce ba za a jefa wahalarta a rami saboda koyarwar baƙi ba. Magaji ya yanke magana: ko in riƙe yadda ubana ke riƙewa, ko a ba wani saurayin da ya iya lanƙwasa yatsa. Ban ga laifinsu ba. Yunwa suke ji, kuma abin da suka sani ke nan ya taɓa cetonsu.

Sai ubana ya ce a tashe shi tsaye. Ya ɗaga hannun nan mai rawa yadda kowa zai gani.

"Jama'a, tabarya ce," in ji shi. "Ina ɗan shekara bakwai, uwata na dakan gumba, na zura hannu a turmi in sata. Babu wani asiri. Na koyi harbi da shi ne don ba ni da wani. Da kuka fara yi masa kirari na ji daɗi, da na ga ɗana yana ɗaure nasa da tsumma na ji kunyar in faɗa, na ce gobe. Goben ce ta ci mana curi biyu." Ya juyo gare ni, karo na farko tun kafin tafiyata ya dube ni ido cikin ido. "Korau, da ina da irin hannunka, da yadda ka riƙe ɗin nan zan riƙe. Magaji, ba shi zaren."

Ba wanda ya yi dariya, ko da yake na ga samari suna miƙe yatsunsu a ɓoye cikin riga. Ni kuwa tausayinsa ya kama ni. Ashe ranar da na yi masa sallama ba kunyata yake ji ba.

Na ɗaura zaren, na ɗana kibiya. Manuni a sama, biyu a ƙasa, tsarkiya a gaɓar farko. Na ja har gefen baki. Na ji yatsan tsakiya yana neman komawa gidansa, na gaida baba a zuciyata, ya miƙe. Sannan na bar gugan ya faɗi.

Curin ya riƙa warwarewa a ƙasa yana tsalle, 'yan wanzam suka taso daga rami suna jiran rabonsu. Zaren bai sauka ba. Ya miƙe, ya yi rawa, sai muka ji an ja shi daga can sau uku.

Kwana biyu aka yi ana jan igiya. Hatsi ya fara ƙetarowa, tuluna suka ƙetara can, sannan mutane. Tarana tana cikin na ƙarshe, ta rame, leɓunanta sun tsage, da goyo a bayanta na kwana tara. Abin da ta fara ce mini shi ne ta ga kibiyoyina biyu na farko, kuma za mu yi maganarsu a gida. Ta kwance goyon ta miƙa wa ubana, mace ce.

Tsohon ya karɓe ta a cinya, ya buɗe ɗan hannunta na dama, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da karyayyen nasa yana miƙe su. Ya daɗe a kan na tsakiya. Sannan ya ɗago ya ce da Tarana, "'Yata, wannan in ta fara tafiya, ki riƙa ba ta gumbarta a hannu tun kafin ta nema."

Nan tafiyata ta tsaya, nan kuma zan tsaya. Yarinyar ita ke harbin gada yanzu, ni kuwa aikina shafa wa tsarkiya baƙin tukunya da cewa a miƙo hannu in gani.